Abin da Ban Faɗa Ba a Accra

Tun da na dawo daga Gana ban samu sakat ba. A coci, a bakin famfo, har wurin mai gyaran takalmi na kwanar layinmu a Trikania, tambayar ɗaya ce: "Rifkatu, ya Accra? Yaushe za ki koma?" Na gaji da murmushin ƙarya da cewa lafiya lau. Shi ya sa na zauna in rubuta labarin sau ɗaya, duk wanda ya sake tare ni in miƙa masa ya karanta. Amma in faɗa muku tun yanzu, raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba.

Ga waɗanda ba su sani ba, shekara biyu ke nan ina aiki a wata 'yar cibiyar koyar da kwamfuta a Tudun Wada. Mai ita, Dakta Bitrus, aminin mahaifina ne tun suna samari, kuma dattijo ne a cocinmu. Da mahaifina ya rasu shi ya tsaya mana, shi ya ɗauke ni aiki lokacin da na gama bautar ƙasa ina ta yawo da takardu. Baba nake ce masa. Cibiyar ɗaki biyu ce a saman bene, rufin kwano, masu walda a ƙasa. Iyakwandishan ɗinmu ya mutu tun kafin in zo, fanka ɗaya ce ke juya mana iska mai zafi.

Bayan koyar da ɗalibai muna da ɗan bincike, kuma gaskiya ni ke yin sa. Bari in yi bayaninsa yadda na yi wa Mama. Kwamfuta tana ajiye bayananta a wata 'yar na'ura da ake kira SSD, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba. Idan kwamfuta ta aike ta ta ɗauko wani abu, dole ta san lokacin da aiken ya kammala. Kamar kin kai niƙa inji ne. Ko dai ki koma gida ki ci gaba da aikinki sai an aiko a kira ki, ko ki tsaya a kan mai injin kina ta leƙe, kina "an gama? an gama?" Jiran kira yana ɓata lokaci, don na'urorin yanzu suna da saurin da kiran kansa ya zama jinkiri. Leƙe yana da sauri, amma ƙwaƙwalwar kwamfutar ba za ta yi komai ba sai leƙen. Akwai hanya ta uku: ta ɗan runtsa, ta farka dab da gamawa, sannan ta fara leƙe. Wuyar abin ita ce sanin tsawon barcin, musamman idan aike ya yi yawa a lokaci guda, kowa da nasa. Abin da na haɗa jadawali ne: idan aike kaza ne a layi, a yi barci kaza.

Duk awon da na gina jadawalin a kansa da rana aka yi shi, tsakanin sha biyu da ƙarfe huɗu. Lokacin ne ake tayar da janareta saboda ɗalibai, kuma lokacin ne Baba ke zuwa, shi kuwa ba ya son a auna komai ba ya nan. Wata safiya a watan Maris aka kawo wuta, na gwada ni kaɗai. Sai na ga na'urar tana gama aike da wuri fiye da yadda na saba gani, kwamfuta kuma tana ta sharar barci bayan an gama. Na maimaita safiya huɗu, abu ɗaya. Rana ta biyar da tsakar rana na taɓa na'urar, ta ƙona mini yatsa. Nan na gane. Idan ta yi zafi tana rage gudu da kanta don kada ta lalace. Wato jadawalina na na'urar da ke fama da zafin Tudun Wada ne, ba na lafiyayya ba.

Na kai wa Baba maganar. Ko littafin bai karɓa ba.

"Awon safe ba a gabana aka yi shi ba," in ji shi. "Ki ajiye shi gefe. Na rana ya fi kyau a takarda, kuma takardar ta riga ta tafi."

Na ce to, na mayar da littafin cikin jaka.

Takardar da ta tafi ɗin, a hannun wata Farfesa Efua ta faɗa, a wata jami'a a Accra. Ta rubuto cewa mu zo mu nuna aikin a ɗakin gwajinta. Idan ta gamsu, tana da gurbin aikin bincike ɗaya na shekara guda, kuma ni take so ta gani. Wannan gurbin shi ne duk abin da nake nema a duniya a lokacin. Mama ta sanar a zumuntar mata, aka yi mini addu'a har da waƙa.

Ta mota muka tafi, don Baba ya ce jirgi na masu gaggawar mutuwa ne. Ya zo tasha da rabin buhun busasshiyar citta daga gonar ƙaninsa, wai tsarabar Farfesa. Na ce, "Baba, ƙulli ɗaya ai ya isa." Ya ce ni yarinya ce, ban san yadda ake shiga gidan manya ba. Buhun nan a ƙarƙashin ƙafata ya zauna tun daga Kaduna har Legas, gwiwoyina a ƙirji, mutanen kujerar baya suna ta atishawa suna harara ta. Shi kuwa yana gaba kusa da direba, yana yi wa wani mai sayar da taya bayanin "hanyar da na ƙirƙiro". Sau shida na ji kalmar nan kafin mu kai Lokoja.

Muka kwana a masaukin wata coci a Agege, cikin Legas. Da safe na tashi fuska duk cizon sauro, Baba ya dube ni ya ce in gyara, kada mutanen Gana su ce ba ma cin abinci a Kaduna. Ban ga haɗin sauro da abinci ba, amma na ce to.

A motar Accra na samu abokiyar zama, Hajiya Ladi, 'yar kasuwa mai safarar atamfa, wadda ta ce ta bi hanyar nan fiye da yadda ta bi hanyar gidan surukanta. Ita ta nuna mini in riƙe fasfo da katin rigakafi a hannu, kada in tura su ƙasan jaka, don iyaka uku za mu tsallaka kuma a kowace sai an sauka. Haka kuwa aka yi. A sauka, a bi layi a rana, a buga hatimi, a kwance buhun citta a sansana, ni kuma in ɗaure. Bayan Kwatano na daina ɗaurewa da kyau don na san za a sake kwancewa.

A iyaka ta biyu wani jami'i ya zazzage jakata, ya ci karo da SSD ɗinmu da na naɗe a hankici. Ya ɗaga ta sama yana tambaya da Faransanci. Kafin in buɗe baki Baba ya gyara babbar rigarsa ya fara lacca da Turanci, tun daga tarihin kwamfuta. Jami'in ba ya ji, amma ganin dattijo yana ta nuni da hannu sai ya ɗauka abin babba ne, ya kira wani, wancan ma ya kira wani. Mota guda tana tsaye a rana saboda mu, jarirai suna kuka. Sai Hajiya Ladi ta kutso ta faɗi kalma uku ko huɗu, aka yi dariya, aka miƙo mini kayana.

"Me kika ce musu, Hajiya?"

"Na ce memorin waya ne, babba." Ta juya wurin Baba. "Malam, don Allah a iyaka ta gaba ka bar yarinyar nan ta amsa. Kayanta ne, ita ta san shi."

Baba ya sha kunu, bai sake yi mata magana ba har muka rabu. Ni kuwa na ji daɗi a raina, na kuma ji kunyar jin daɗin.

Da muka isa Accra, a Nima muka sauka, gidan ƙanwar Hajiyar, don ta rantse ba za mu kwana a otal ba tana da ɗaki. Unguwa ce cike da masu jin Hausa, sai dai Hausarsu irin ta kakata ce a ƙauye, mace ma "ka zo" ake ce mata. Da safe aka kawo koko mai yaji da ƙosai, da rana kuma shinkafa da wake da suke dafawa da ganyen dawa har ta yi ja. A ganye ake zuba ta, a ɗora taliya, da garin rogo, da ƙwai, da wani baƙin yaji mai kifi. Na ce wannan haɗin a Kaduna sai a ce mai ciki ce ta yi shi, amma na cinye tas. Baba ya ce shi tuwo yake so, aka aika can wani layi aka nemo masa, ya ci ya ce miyar ba ta ji daddawa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki tashar mota ce. Mutane suna jere a layi, mota ta zo, na gaba ya shiga, ba mai tsallaka taga, ba mai ja maka riga. Na tuna yadda muke kokawar shiga bas da yamma in za mu tsallaka gada, na ce ashe ana iyawa.

Ran Juma'a muka je jami'ar, ni ɗauke da buhu a ka. Farfesa Efua gajeruwa ce mai furfura, da silifas a ƙafa. Ta karɓi cittar tana dariya, ta ce za ta raba wa sashen gaba ɗaya. Ɗalibanta bakwai ne. Kafin mu shiga ta yi mana bayanin al'adar ɗakinta: duk Juma'a ana nuna aiki, kuma idan an gama, mafi ƙanƙanta ke fara magana, ita ce ta ƙarshe. Ta ce idan ta fara, kowa zai bi bakinta, ba za ta ji komai ba sai muryarta. Na ga wani ɗalibi ya ce mata lissafinta na makon jiya ba daidai ba ne, a gaban kowa, ta ce ya kawo ta gani. Baba ya raɗa mini da Hausa, "Kin ga rashin tarbiyya ko?"

Aka buɗe ƙofar ɗakin da manyan kwamfutocin suke. Wani sanyi ya buge ni. Iyakwandishan biyu ke aiki, har wata ɗaliba ta ara mini suwaita. Na matsa kusa da Baba.

"Baba, sanyin nan. Na'urar ba za ta rage gudu ba a nan. Ka bari in faɗa musu tun kafin a fara."

"Kul," in ji shi. "Kada ki tsinka ni a gaban baƙi."

Na saka jadawalin a kwamfutarsu da hannuna, ina sane da abin da zai faru. Aka saki aike da yawa lokaci guda, aka gwada hanya uku a jere, sakamako yana fitowa a babban allo. Jiran kira ya yi yadda aka san shi. Leƙe zalla ya yi sauri, ya cinye ƙwaƙwalwa. Da aka zo kan tamu, sai ga kwamfuta tana barci, aike ya gama yana zaune yana jiran ta. Ta zo ta ƙarshe, har bayan jiran kira, wanda shi ne muka zo mu ce mun fi.

Farfesa ta dube ni. Da Turanci take magana, a hankali. "Rifkatu, yau ke ce ƙarama a nan. Me kike gani ya faru?"

Baba ya amsa. Ya ce shi ya duba aikin nan da kansa, ba kuskure, matsalar daga na'urarsu ce.

"Na gode, Dakta, za mu zo kanka. Rifkatu nake tambaya."

Littafin awon safe yana cikin jakata, jakar tana kan cinyata, hannuna yana kan zif ɗin. Na ɗaga ido na ga Baba yana kallo na, irin kallon da yake yi wa yara idan suna surutu a coci. Na ga furfurarsa, na tuna shi ya riƙe Mama a bakin kabari. Na sunkuyar da kai na ce, "Abin da Baba ya faɗa ne."

Farfesa ta ce to, a cire na'urarsu a saka tamu da muka zo da ita daga Kaduna. Aka saka. Na'urar da ke ƙona yatsa a Tudun Wada ta sha sanyi ta miƙe da gudu, sakamako ya fito iri ɗaya da na farko. Yanzu babu na'urar da za a ɗora wa laifi. Sai Baba ya yi gyaran murya, ya ce da Turancinsa mai kyau, "Ku yi haƙuri. Yarinyar ce ta shigar da jadawalin, kun san yaran yanzu da gaggawa. Idan mun koma zan duba inda ta yi kuskure."

Wallahi ji na yi kamar in kifar da teburin. Kunnuwana suka yi zafi cikin sanyin nan. Aikin da ya ce shi ya ƙirƙiro tun daga Kaduna har Lokoja, yau da ya faɗi ya zama nawa. Farfesa ta sake tambaya ta a karo na uku, "Haka ne, Rifkatu?" Na zuba wa takalmina ido har aka tashi.

Aka ja Baba zuwa shan shayi. Ina cire suwaita a baranda Farfesa ta zo ta tsaya kusa da ni.

"Ɗakinku na Kaduna," in ji ta, "yaya yake da rana?"

Nan bakina ya buɗe, da ba kowa. Na faɗa mata rufin kwano, da janareta, da safiya huɗu, da yatsana. Na zaro littafin na ba ta. Ta daɗe tana juya shafukan, tana bin lambobin da ɗan yatsa.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun Maris."

"Kin san wannan ya fi abin da kuka aiko mini daraja? Kowa yana gina irin wannan jadawali a ɗaki mai sanyi, yana mantawa da cewa rabin duniya a cikin zafi take aiki. Ke kin gani da idonki, kin auna. Ga shi a jakarki, sau uku ina tambayar ki."

Na ce, "Farfesa, a wurinmu ba a ƙaryata babba a gaban mutane. Kamar uba yake a gare ni."

"Mu ma haka ne a gida," in ji ta. "Ni ma ba na musu da kawuna a wurin biki. Amma nan ba wurin biki ba ne." Ta miƙo mini littafin. "Ina son aikinki. Sai dai ki duba kaina, ni ma furfura gare ni. Ranar da zan tsaya a gaban mutane da lambar da ba daidai ba, ke kuma kin sani, haka za ki sunkuyar da kai ki bar ni. Ba zan iya aiki da tsoron wannan ba."

Na roƙe ta. Ba na jin kunyar faɗa, har hawaye na yi. Ta ce in rubuta abin da na gano da sunana, in aiko mata za ta karanta, amma gurbin bana za ta ba wani. Ta faɗe shi ba tare da faɗa ba, da ma ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta sosai. Iyakar nan uku muka sake bi, ba buhu, ba Hajiya Ladi. Baba ya yi ta yi wa fasinjoji bayanin cewa 'yan boko na Gana hassada gare su, sun ga aikin ɗan Najeriya sun rikita na'ura. Kwana biyu ina shirya maganar da zan faɗa masa. Na shirya ta a Lome, na gyara ta a Kwatano, na haddace ta a Legas. Duk lokacin da na juya zan fara, sai in ga yana gyangyaɗi da baki buɗe, ko yana miƙo mini rabin lemon da ya ɓare, sai maganar ta koma ciki.

Mama tana jiran mu a gida tare da mata uku na zumunta, an dafa shinkafa an yanka kaza. Baba ya rako ni har tsakar gida. Tun kafin in ajiye jaka Mama ta ce, "Ya aka yi? An ɗauke ta?"

"Ba a ɗauke ta ba," in ji Baba, "kuma kada ki damu, wurin bai dace da ita ba. Amma Saratu, bari in faɗa miki a gaban matan nan. Kin yi tarbiyya. Matar nan sau uku tana zuga yarinyar nan ta yi musu da ni a gaban jama'a, sau uku tana ƙi. Ko kalma ɗaya ba ta saɓa mini ba. Da mahaifinta yana raye, yau da ya yi alfahari."

Mama ta rangaɗa guɗa. Matan suka ɗauka, ɗaya ta rungume ni tana cewa irin wannan 'ya ake roƙo. Idon Mama ya cika da hawayen murna, ta dafa kafaɗata ta ce, "Ba za ki yi wa Babanki godiya ba?"

Maganar da na haddace tun daga Legas tana nan a bakina, kalma bayan kalma. Kowa ya zuba mini ido yana murmushi.

Na durƙusa har ƙasa na ce, "Na gode, Baba."

Ku da kuke tambaya yaushe zan koma, amsar ke nan, ba zan koma ba. Ina jin haushin Baba, ina jin haushin sanyin ɗakin nan, har Farfesa wani lokaci ina jin haushinta. Amma idan na tuna abin da ya fi ba ni haushi a tafiyar nan, ba a Accra yake ba. Muryata ce a tsakar gidanmu, da yadda godiyar ta fito sumul, ko sarƙewa ba ta yi ba.